Verna Rautio da Babban Yatsan Matuƙi

Ƙarfe shida saura kwata na safe a-kori-kurar Verna Rautio take tsayawa a bayan rumfar jirage ta uku, ko ana zafin Agusta ko dusar ƙanƙara ta kai gwiwa. Mai gadin ƙofa ya ce tun da ya san ta ya daina duba agogo. Za ta fito da fulas ɗin gahawa a hammata, da yankan burodi mai ƙamshi irin wanda kakarta ta zo da sirrinsa daga Finlan, ta gifta ofishinta ko leƙa shi ba ta yi ba. Jirage take nufa. Ɗaya bayan ɗaya take hawa, ta zauna a kujerar matuƙi, ta zura safar hannu mai kauri irin tamu ta matuƙa, ta rufe ido, ta kama sandar tuƙi. Sai ta bi madannan da ke jikin sandar da yatsunta, a hankali, kamar makauniya na shafa fuskar jikanta. Idan wani ya yi danƙo saboda gumi da toka, ko ya yi nawar dawowa bayan an danna shi, ta gane kafin makaniki ya gane.

Daga nan sai littafin ƙorafi. Wani tsohon littafi ne da aka ɗaure da igiya a ƙofar ɗakin hutawarmu, inda matuƙa ke sauke haushinsu idan sun sauko. Ba a tace magana a cikinsa. Ni kaina na taɓa rubutawa: "Wanda ya dasa madannin nan a ƙarƙashin sanda bai taɓa ganin hannun ɗan Adam ba." Washegari na tarar da amsa a ƙasa da koren biro: "Na ga hannuwa da yawa, Orrin. Naka ne kamar cebur. Zo ƙarfe tara in auna shi." Na je ina huci. Ta auna tafina da kowace gaɓa ta yatsuna, ta sa na matse wani curin yumɓu, bayan mako biyu madannin ya matsa da faɗin ƙwayar wake. Ban sake kuskure shi ba. Cikin shekara talatin da huɗu, babu ƙorafi ɗaya a littafin nan da ya kwana biyu ba amsa.

Ranar Juma'ar da ta wuce ta ajiye aiki. Shi ya sa na ɗauki biro, ni da ban saba rubuta abin da ya wuce layi uku ba.

Sunana Orrin Haugland. Shekara ashirin da bakwai ke nan ina tuƙa ƙaramin jirgin da ke shawagi a kan wutar daji a yammacin Montana, ina nuna wa manyan jiragen tanki inda za su zubar da jan ruwan kashe wuta. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce aka kawo mana ƙananan jirage marasa matuƙa, waɗanda muke kira 'yan tsaki. Daga ƙasa ake tashinsu, amma duwatsunmu ba sa barin saƙo ya ratsa. Da zarar ɗan tsako ya faɗa kwari, mai riƙe da shi a ƙasa ya rasa shi ke nan. Sai aka ce wanda ke sama shi zai riƙa jan su daga mazauninsa, wato mu. A takarda abin da daɗin ji. A cikin jirgi kuwa, hannun dama yana kan sanda, na hagu yana kan totur, ƙafa biyu suna kan feda, kunne yana fama da rediyo huɗu, ido yana neman tsauni a cikin hayaƙi. A taron farko na ɗaga hannu na ce, "To, da me za mu ja su? Da hanci?" Kowa ya bushe da dariya ban da mace ɗaya a kujerar baya, wadda ta sunkuya ta rubuta wani abu. Bayan shekaru ta gaya mini cewa sai da ta kwana biyu tana juya maganar hancin nan kafin ta watsar da ita.

Aikinta ke nan: abin da ke tsakanin jikin matuƙi da na'ura. Wasu ne suka ƙera fukafukai, wasu suka ƙera inji, sunayensu na jikin ƙarfe. Ita nata rabon faɗin babban yatsa ne.

Abin da baƙi ba su sani ba shi ne Verna ba ta jure jirgi. Da taya ta bar ƙasa cikinta yake juyawa. Amma littafin tashi ya nuna ta yi sama da awa ɗari tara a kujerar bayanmu, jakar amai a cinya, agogon gudu a hannu, ba ta kallon wuta, ba ta kallon tsaunuka, hannuwanmu kawai take kallo. Wata rana Delfina Archuleta, abokiyar tuƙina da ke zama a kujerar dama tana riƙe da rediyo, ta gan ta ta sauko fuska kamar toka, tana dafa bango.

"Haba Verna, ki ji tausayin kanki mana. Mu maƙala kyamara a bayanmu, ki zauna a ofis ki kalla kina shan gahawarki."

"Kyamara ba ta jin tsoro, Delfina."

"To ke kina jin daɗin tsoron ne?"

"In cikina bai juya tare da naki ba, ta ina zan san halin da yatsanki ke ciki? Miƙo min ruwa, ki daina yi min wa'azi."

A shekarar farko ta zuwan 'yan tsaki wani kamfani ya aiko mana da wakilinsa, mutum mai fara'a da takalmi mai ƙyalli, ɗauke da allon shafa mai faɗin faranti. Taswira ce a kai, ka taɓa wuri da yatsa, ɗan tsako ya tafi can. Ya ce jikarsa 'yar shekara biyar ta iya shi cikin minti goma. Manyanmu duk sun gyaɗa kai. Verna ta ce, "Madalla. Zo ka nuna min a ɗakina."

Ɗakin nata wani sito ne a ƙarshen fili. A ciki akwai hancin wani mataccen jirgi da ta ɗora a kan jak huɗu da ta ciro daga tsohuwar motar share ƙanƙara. Ta zaunar da shi, ta ɗaure masa bel, ta zura masa safar hannu, ta kunna hita har gumi ya karyo masa, ta sa masa muryoyin rediyo na wata wuta ta gaske a kunne. Sannan ta murɗa wani abu, kujera ta fara tsalle kamar doki ya ga maciji.

"Aika ɗan tsako na biyu bakin rafi," in ji ta.

Ya kai yatsa, kujera ta zille, ɗan tsako ya shiga tsauni. Ya sake, ya aika na ɗaya maimakon na biyu. A karo na uku, yana sunkuye a kan allo yana nema, jirgin gwajin da yake ciki da kansa ya daki dutse a taswira, fitilu suka yi ja.

"Ka mutu," in ji Verna. "Za ka sake?"

Ya cire hula yana haki. "Ba a haka muka gwada shi ba."

"Na sani. A kan tebur kuka gwada. Mu kuwa ba mu da tebur a sama."

In ba shi haƙƙinsa, mutumin bai yi fushi ba. Kwana uku ya ƙara a garin yana zaune kusa da ita yana rubutu, ya tafi da allonsa a hammata bai sake kawo mana shi ba.

Kada mai karatu ya ɗauka ba ta taɓa kuskure ba. Ta yi, kuma a kaina ya faɗa. A shekara ta biyu ta zo da gilashi a jikin hular kwano mai bin ƙwayar ido. Inda ka kafa ido na daƙiƙa biyu, nan ɗan tsako zai nufa. A kujerar gwaji abin kamar tsafi. Ni aka ba gwajin farko a kan wuta ta gaske. Iska ta hankaɗa ni kusa da wani ɓarin dutse, na kafa masa ido, don in kana gudun karo da abu ba ka da abin kallo sai shi. Ɗan tsako ya yi biyayya. Ya miƙe ya rungumi dutsen, ya tarwatse, tarkacensa ya kunna sabuwar wuta a ɗaya gefen, aka kwana uku ana fama da ita.

Kwamitin bincike ya zauna. Na hango takardar a gaban shugaban, an riga an buga kalmomin nan biyu da kowannenmu ke tsoro: kuskuren matuƙi. Da sun hau takarduna, da tuƙi ya ƙare mini. Ba a gayyaci Verna ba. Ta turo ƙofa ta tsaya, ko zama ba ta yi ba.

"Ku goge wannan," in ji ta. "Ba abin da mutumin nan ya yi sai kallon abin da zai kashe shi, kuma duk mai rai haka zai yi. Ni ce na ƙera na'urar da ta ɗauki tsoro a matsayin umarni. Sunana za ku rubuta."

Shugaban ya cire tabarau. "Madam Rautio, kin san wannan zai iya cin aikinki?"

"Na sani. In kuka rubuta nasa kuwa, na'urar tana nan yadda take, baɗi wani za ta ci."

Wata huɗu aka dakatar da ita. Da muka fito a ranar na bi ta har mota, na ce, "Me ya kai ki? Ba wanda ya tambaye ki." Ta daɗe tana juya makulli a hannu. Sannan ta gaya mini cewa mahaifinta shi ke jan injin da ke sauke mutane cikin ramin tagulla a garin Butte. Hannuwan injin biyu ne, na birki da na saki, tsayinsu ɗaya, launinsu ɗaya, kafaɗa da kafaɗa. Wata rana, bayan awa goma sha shida a tsaye, ya ja wanda ba shi ba, wani mutum ya karye a baya. Aka rubuta laifin mai jan inji ne. Bai sake aiki ba, shekara ashirin yana zaune a barandar gida yana kallon hannunsa.

"Shekarata tara a lokacin," in ji ta. "Da na girma na je na ga hannuwan nan biyu. Ni da na yi barci na ƙoshi, ban iya bambanta su ba."

Ke ce, Verna, kika shiga ɗakin da ba a kira ki ba, kika ɗauke kaya daga kan mutumin da ya zage ki a littafi, kika aza wa kanki. Ke ce kika koya mana cewa in ƙwararre ya yi kuskure, kafin a kalli fuskarsa a fara kallon abin da aka damƙa masa a hannu. 'Yar mai jan inji, kin rama wa mahaifinki ba tare da kin taɓa kowa ba.

Da ta dawo, ta zo da ƙa'idar da har yau muke aiki da ita: ido ya zaɓa, babban yatsa ya amince. Ka kalli duk abin da ka ga dama, ba abin da zai motsa sai ka danna. Ta rage maganar da 'yan tsaki ke ji zuwa kalma shida kacal, waɗanda ba sa kama da juna a kunne: je, tsaya, hau, sauka, nemo, ja. Ta naɗi muryoyinmu muna tari, muna ihu, muna ashar, ta koya wa na'ura gane mu a haka, don ba wanda ke magana tsaf a kan wuta. Ita ce ta lura daga kujerar baya cewa in Delfina ta tsorata harshenta yakan koma Sifaniyancin kakarta, abin da Delfina kanta ba ta sani ba, sai ta koya wa na'urar kalmomin shida da harshe biyu. Sannan ta dasa wasu 'yan ƙananan abubuwa masu karkarwa a cikin kujera, yadda ɗan tsako zai zungure ka a cinyar hagu ko ta dama ya gaya maka ga inda yake, ba sai ka sauke ido daga taga ba.

Duk wannan mun karɓa kamar yadda ake karɓar kujera mai daɗi, ba mu tsaya tunani ba. Sai ranar goma sha huɗu ga Agusta, shekara huɗu da suka wuce, a Kwarin Dunleavy.

Ƙarfe uku na rana iska ta juya. Wutar da muka yini muna kora gabas ta waiwayo, ta tsallake rafi, ta toshe bakin kwarin. A ciki akwai mutum goma sha tara, masu saran hanyar tare wuta, ƙarƙashin wani mai suna Royce Plouffe, wanda na san muryarsa shekara goma ban taɓa ganin fuskarsa ba. Hayaƙi ya cika kwarin har baki kamar an zuba kunu a ƙwarya. Jirage masu saukar ungulu ba su iya shiga. Ga jirgin tanki a bayana cike da jan ruwa, amma ba a zubar da nauyin nan a inda ba ka san ko da mutum a ƙasa ba.

"Tsoho, kana ji na?" in ji Royce, da laƙabin da suke kirana da shi a rediyo.

"Ina jin ka. Kana ina?"

"Da na sani ai da ban dame ka ba. Ko takalmina ba na gani. Muna gangarawa rafi."

Muryarsa a kwance take, irin kwanciyar da ke tayar da hankalin wanda ya san aikin. Delfina ta ɗauke sauran rediyo uku ta bar mini shi. Ina tsakanin tsauni biyu, zafin wuta yana wurga jirgin sama da ƙasa, ko ƙiftawa ba na son yi. Na kalli bakin kwarin ta gilashin hula, na danna, na ce wa ɗan tsako na farko, "Ɗaya, sauka. Nemo." Muryata ta fito a shaƙe, rabi tari. Ya ji. Na kalli gangaren arewa, na danna, na ce, "Biyu, je."

Minti biyu da rabi ba labari. Sai na ji zunguri a cinyar hagu. A kusurwar gilashi, inda ba zai tare mini gani ba, wasu fararen ɗigo suka bayyana a jere, zafin jikin mutane ke nan. Na biyu kuma ya nuna mini abin da Royce bai iya gani: rafin da suke nufa wuta ta riga su isa. Amma sama da su, ta arewa, akwai wani faffaɗan fili na zallar duwatsu, ba ko ciyawa, ba abin da zai ci wuta.

"Royce, tsaya. Kar ku sauka. Sama za ku hau."

"Sama? Tsoho, ka sha wani abu ne? Wuta sama take gudu."

"Na sani. Akwai filin duwatsu. Zan aiko maka ɗan tsako da fitila da ham. Ku bi shi, ko ina ya nufa."

Na ji yana ce wa mutanensa, "Ku zubar da jakunkuna da zarto. Kowa ya riƙe rigar na gabansa."

Na kalli filin, na danna, na ce, "Ɗaya, ja." Ya sauko daidai kan mutum, ya kunna fitila, ya fara tafiya da saurin ƙafar gajiyayye.

Ba su kai rabin hanya ba iska ta danne mu. Jirgin ya faɗi kamar an yanke igiyarsa, kan Delfina ya daki rufi, itatuwa suka cika mini gilashin gaba. Na tura totur har ƙarshe, na ja sanda da hannu biyu, yatsana ya daki madannai ban san sau nawa ba. Ba ɗan tsakon da ya amsa, don idona ba ya kan komai sai tsauni, kuma dannawar firgita ba ta kama da dannawar niyya, Verna ta auna bambancin tun tuni. Muka tsallake ƙoƙuwar tsaunin da tazarar da ba na son tunawa, muka faɗa ɗaya gefen, dutse ya shiga tsakaninmu da 'yan tsaki. Saƙo ya yanke. Sai da na yi kusan minti huɗu kafin na sami tsayin da zan kewayo.

A minti huɗun nan na riga na binne mutum goma sha tara a zuciyata. Abin da na sani, duk jirgi marar matuƙi in ya rasa mai shi, tashi yake ya koma gida. Haka aka ƙera su, don kada a yi asararsu.

Da muka leƙo, cinyata ta hagu ta yi karkarwa. Yana nan. Yana tafe a hankali, fitila a kunne, fararen ɗigo a jere a bayansa.

Sai daga baya na ji cewa hunturu guda Verna ta yi tana jayayya da masu ƙera shi a kan wannan abu ɗaya. Ta ce musu in matuƙi ya ce "ja" sannan ya yi shiru, ba mantuwa ya yi ba, da ransa yake kokawa, kuma akwai mutane a ƙasa da ba su da ido sai fitilar nan. Suka ce za a rasa na'ura. Ta ce a rasa. Sau bakwai suka mayar mata da takarda, sau bakwai ta sake aikawa.

An kuwa rasa ta. Da na ƙarshensu ya taka filin duwatsu, zafi ya riga ya narkar da fiffike ɗaya, ɗan tsako ya faɗi a gefensu. Na shigo da jirgin tanki ya shimfiɗa jan ruwa tsakaninsu da wuta. Suka kwanta a cikin duwatsu wuta ta wuce ta hagu da dama.

"Tsoho," in ji Royce, yana tari. "Sha tara. Sau biyu na ƙirga. Ɗaya ya ƙone a hannu, amma bakinsa na aiki, yana ta zagina."

Delfina ta kifa kai a gwiwa tana addu'a da harshen kakarta.

Da muka sauka, Verna tana tsaye a gindin tsani. A rediyon rumfa ta saurari komai, a tsaye, in ji makanikai. Na zaci za ta rungume ni. Sai ta ce, "A ina ka sha wuya?"

"Verna, mutum goma sha tara..."

"Na ji. A ina yatsanka ya yi lalube? Gaya min yanzu kafin ka manta."

Na zauna a kan tsani, ni da furfurata, na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata. Ta tsaya ta jira har na gama, sannan ta sake tambaya. Wani makaniki ya ce ya gan ta bayan nan a bayan rumfa, tana ta ƙoƙarin buɗe fulas ta kasa.

Jaridu sun buga hotona. An rataya mini lamba a wuya, an ba Delfina tata. Na ambaci sunan Verna a gaban 'yan jarida har sau uku, ba wanda ya buga, don ba su san yadda za su bayyana aikinta a layi ɗaya ba. Da na kai mata ƙorafi sai ta ce, "In an lura da aikina, to ban yi shi daidai ba ke nan. Tafi ka ba ni wuri."

Ranar Juma'a muka yi mata walimar sallama a rumfa ta uku. Kowa ya kawo abin da ya iya, tukunyar wake da nama mai barkono, gasasshen naman barewa, kek iri-iri. Ana cikin ci sai ga wani ƙaton mutum ya shigo, hula a hannu, mutum bakwai a bayansa, ɗaya da tabon ƙuna tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu. Da ya buɗe baki na gane muryar.

"Kai ne Tsoho? Na zaci ka fi haka tsayi. Ba wurinka na zo ba. Ina matar?"

Muka waiwaya ba mu gan ta ba. Can muka same ta a lungu tana tattara kujerun da aka gama da su, a walimarta. Royce ya tsaya a gabanta, mutumin da ke ba wuta umarni, yana murza hularsa. Da ƙyar ya ce, "Madam, awa biyar muka yi a mota. Sauran suna bakin aiki, sun ce in gaishe ki. Mu ne na Dunleavy."

Ta ajiye kujera. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe a kan mai tabon. Idonta ya kawo ruwa, ta share da bayan hannu kamar mai jin haushinsa. Sannan ta ce, "Shekara huɗu ina son in tambayi wanda ya bi shi da ƙafa. Ham ɗin, kun ji shi sosai?"

Royce ya sosa ƙeya. "Gaskiya kike so?"

"In ba ita ba me zan yi da kai?"

"Na gaba sun ji. Na baya ba su ji komai ba, ƙarar wuta ta cinye shi. Rigar juna ce ta kai su."

"Na yi zargin haka. Sautin ya yi kauri, wuta ma kauri gare ta. Siriri ya kamata." Ta fizge biro daga aljihun rigata, ta juya farantin takarda, ta fara rubutu, ta ƙwala wa matar da za ta gaje ta kira daga ɗaya ƙarshen rumfa. Saura minti arba'in aikinta na shekara talatin da huɗu ya ƙare. Mutum takwas da ta fitar daga wuta suna tsaye sun zo godiya, ita kuwa ta mai da su 'yan gwaji, tana tambayar kowanne a ina yake cikin layi, me ya ji, me bai ji ba. Suka zauna suka amsa mata kamar 'yan makaranta, har abinci ya huce.

Verna Rautio, uwar 'yan tsaki, mun gode. Na gode a madadin kaina, da Delfina, da duk matuƙin da ya dawo gida bai san cewa ya kusa kuskure ba, don kin riga kin tare kuskuren tun a sito. Allah ya ba ki lafiya da tsawon rai, ya sa ki ji daɗin gonar 'yar'uwarki a bakin tafki, inda ƙasa ba ta motsi.

Ku kuma masu tasowa, masu ƙera abin da wani zai riƙe a ranar da ransa ke hannunsa, ku bar tebur ku je inda ake aiki da shi. Ku tambayi wanda ya riƙe, ku tambayi na ƙarshen layi, ku roƙe shi ya faɗa muku abin da ba ku son ji. In ya faɗa, kada ku kare kanku. Ku nemi abin rubutu, ko da farantin takarda ne, ko da saura minti arba'in ku tafi gida.